Baƙin da Suka Rage

Lahadi, 31 ga Agusta 2014, ƙarfe 4:10 na yamma, ofis

Wasiƙu biyu yau, maimakon ɗaya.

Shekara uku ke nan ina amsa imel ɗin Turanci a wannan ɗan ofishin yawon buɗe ido na unguwar Muhandisin a Alƙahira, ban taɓa ganin haka daga wajensu ba. Ƙungiya ce ta tsofaffi masu son tarihi, mazauna bakin iyakar Ingila da Skotland, rabi ta nan rabi ta can. Duk Satumba suke zuwa Masar. Mutum biyu ke shirya musu tafiya, Madam Morag 'yar Skotland da Mista Howard ɗan Ingila, kuma kullum wasiƙa ɗaya suke aikowa da sunayensu biyu a ƙasa. Yau kowa tasa daban. Shi ya ce mutum huɗu daga ɓangarensa sun fasa zuwa. Ita ta ce in riƙa aiko mata da komai kai tsaye, kada in bi ta hannunsa.

Na kai wa Ustaz Munzir, mai ofishin. Ya cire tabarau ya murza ido.

“Ƙuri'ar nan ce, ya Madam Khairat. Ran sha takwas ga wata 'yan Skotland za su zaɓa, su zauna da Ingila ko su ware. Mu me ya haɗa mu? Amma ga shi ta biyo mu har nan.”

Kafin juyin juya halin Masar, in ji shi, bas huɗu yake fitarwa a rana. Bana waɗannan tsofaffin ne kaɗai suka rage masa. Su ashirin da biyu ne. Yanzu sha takwas.

A gida kuma Malam ya karɓo mana tikiti. Ɗaya ga Oktoba, don mu yi Babbar Sallah a Funtuwa. Ya gama digirinsa na uku, an ba shi aikin koyarwa a gida, kowa na ta yi mini barka da arzikin miji. Ina cewa Alhamdu lillahi.

Talata, 2 ga Satumba, 6:30 na yamma

Malam ya fita tun da sassafe kamar kowace Talata, wai ɗakin karatu. Ya biya ta kasuwar Ataba ya dawo da akwatuna huɗu. Suna falo, bakinsu a buɗe. Na zagaye su na shiga kicin.

Alhamis, 4 ga Satumba, 2:00 na rana, ofis

An ɗauke wuta a rabin Alƙahira tun safe, har metro, jirgin ƙasan cikin gari, ta tsaya. Awa biyu da rabi na yi a mikrobas daga unguwarmu Hayyul Ashir, a kan gada, ga zafi, ga wata mata da ke ta zagin direba kamar shi ya kashe wutar.

Wayar tebur ce kaɗai ke aiki, ita ce kuma ta yi ƙara. Madam Morag. Ta kira ne kan zancen ɗakuna, amma ta yi minti ashirin tana ba ni labarin da ban tambaya ba. Ashe ita ma sana'armu ɗaya. Tana da gidan saukar baƙi mai ɗaki shida a bakin wani kogi, kuma yawancin baƙinta mutanen Ingila ne masu zuwa hutu. Shekara goma sha tara Howard da matarsa Jean suna sauka a wajenta duk watan Yuli, ɗaki guda, mai kallon ruwa. Bana ya zo ya tarar ta liƙa takarda a taga an rubuta “Eh”, wato a ware. Ya gama makonsa bai ce uffan ba. Da ya koma gida ya rubuto mata cewa ba zai ƙara kai hutunsa inda ba a son sa ba.

“Ni ba shi nake kora ba, Khairat,” in ji ta. “Ƙasa nake nema. Ya kasa gane bambancin.”

Na ce Allah ya daidaita. Ta ce in tabbatar ba a haɗa su teburi ɗaya ba. Na rubuta.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan La'asar

Na je can. Mota biyu, awa ɗaya da rabi. Na zuba wa sabbar ruwa, ɗan tsiron nan mai ƙaya da Misirawa ke shukawa a irin wurin. Ya yi sabon ganye. Ammu Hamad mai gadi ya ce na rame.

Litinin, 8 ga Satumba, 3:45 na yamma, ofis

Jiya wata jaridarsu ta ce masu “Eh” sun shiga gaba. Yau darajar fam ta faɗi. Kafin azahar mutum biyar sun fasa. Wani ya ce bai san abin da kuɗin fanshonsa zai zama ba. Wata ta ce ba za ta iya zaman kwana shida a bas ɗaya da masu son raba ƙasarta ba. Wata kuma, daga ɗaya ɓangaren, ba ta so ranar ta same ta a waje. Saura sha uku.

Mista Howard ya rubuto yana tambaya ko za a iya ba su bas biyu. Ustaz Munzir ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. “Bas biyu! Su sha uku! In sun so in ba su dala biyu ma, kowa ya kalli tasa.”

Da zan tafi ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ya ce ya san zancen tafiyarmu, kuma ba ya shiga tsakanin mace da mijinta. Amma in har ina son zama, ko na shekara guda ne, zai yi mini takardun iƙama, wato izinin zama, da sunan ofis.

Ban ce eh ba. Ban ce a'a ba. Abin da ya dame ni shi ne daɗin da na ji.

Laraba, 10 ga Satumba, 6:00 na yamma

Na biya unguwar Arba wa Nus wajen Widad, wai karɓo turaren wutar tsaraba. Widad Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta suka taso daga Haɗeja da niyyar Hajji suka tsaya a hanya. Hausarta rabi Larabci ce. Ita ce ta zauna da ni kwana bakwai bara, lokacin da ban san dare ba ban san rana ba.

Na ba ta labarin tsofaffina. Ta yi dariya har ta ajiye kaskon turare.

“Ya ukhti, waɗannan ko sun rabu ai mota za su hau su je su sha shayi a gidan juna. Mu da aka yi mana tamu ƙuri'ar a dubu biyu da sha ɗaya, a Malakal aka haife ni, a can na yi wayo. Aka ce Kudu ta zama ƙasa, mu 'yan Arewa ne. Muka je Arewa aka ce mu Fallata ne, baƙi daga yamma. Khalas, ga ni a Masar ina sayar da hayaƙi.”

Ta dube ni da kyau, ta ce, “Ke kuma fa? Kin fara haɗa kaya?”

Na ce turaren ya yi ƙamshi.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan Magariba

Malam ne ya fara. Yana zaune kan tabarma, akwatinsa biyu sun cika da littattafai, nawa biyu babu ko ɗankwali.

“Khairat, saura kwana ashirin.”

“Na sani, Malam.”

“Addu'a tana isa daga ko'ina. Kin san wannan, ba sai na ja miki nassi ba.”

“Addu'a tana isa. Ni ce ba zan isa ba.”

Sannan a hankali ya ce ko da a Funtuwa take, ai mata ba sa shiga maƙabarta a wajenmu. A nan ne na ga Misirawa suna yi na bi su, shi kuma bai hana ni ba don ya ga halin da nake ciki.

Sai na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce shi ai da sauƙi a wajensa, tun ranar da ya ɗauki 'yarmu a hannunsa ya kai ta bai ƙara waiwayar wurin ba.

Ya dube ni. Ya tashi ya sa hula ya tafi masallaci, saura kusan awa guda a kira Isha.

Rabon da ya kira ni Maman Humaira wata goma sha huɗu.

Asabar, 13 ga Satumba, 11:00 na safe

Baƙi huɗu sun ƙara fasawa, saura tara. Mama ta kira daga Funtuwa, ta ce an yi wa ɗakinmu fenti. Na gaji.

Litinin, 15 ga Satumba, 5:20 na yamma

Sun iso. Ustaz Munzir ya sallami mai tarbar baƙi tun bara, don haka ni ce zan bi su duk makon, riƙe da jerin sunaye da ruwan sha. Bayanin tarihi na Alaa ne, jagoranmu.

Biyar 'yan Skotland, huɗu 'yan Ingila. Duk sun jefa abin da za su jefa ta gidan waya kafin su taso, su masu ƙuri'ar ke nan. Na Ingila ba a tambaye su ba, kuma na lura wannan ne ke cin su.

Madam Morag gajeriya ce, farin gashi, tafiya kamar za ta kama ɓarawo. Ta rungume ni. Mista Howard dogo ne mai sanda, ya gaishe ni da “salamu alaikum” ɗin da ya haddace. A bas mai kujera talatin, su biyar suka zauna gaba, su huɗu can baya. Tsakiya ni kaɗai da kwalin ruwa.

Talata, 16 ga Satumba, 4:30 na yamma

Giza. Fili fetal. Masu raƙuma sun fi baƙi yawa, suka yi mana caa kamar mun zo da rabon abinci. Wani dattijo ya bi mu tun daga ƙofa har gindin babbar dala da ɗan mutum-mutumi a hannu, yana ta rage farashi shi kaɗai ba wanda ya taya.

Madam Morag ta saya. Ba ta so, na gani. Muka zauna a inuwar bas ta ce mini, “Na san idon nan nasa. Haka nake kallon titi in an yi kwana uku ba mota.”

Ta ce tun Yuli iyalai bakwai daga Ingila suka soke zuwansu na baɗi. Wasu da dalili, wasu ba dalili. Amma Jamusawa da 'yan Kanada sun fara rubutowa, wai suna son ganin sabuwar ƙasa. Ba ta san wanne zai rinjayi wanne ba.

Na ce, “To in kin san zai taɓa miki abinci, me ya sa kika liƙa takardar?”

Ta ce, “Shekarata sittin da takwas. Sau ɗaya aka taɓa tambayata abin da nake so a kan wannan. In yi ƙarya don ɗaki shida?”

Ƙafafuna sun kumbura.

Alhamis, 18 ga Satumba, 6:15 na yamma

Yau suke jefawa a can. Mu kuma gidan tarihi na Tahrir. Alaa yana ta bayanin sarakunan da suka haɗa Masar ta Kudu da ta Arewa, bai san ya taka wuta ba. Wani daga baya ya ce, “Ka ji masu hankali.” Wata daga gaba ta ce, “Da sanda suka haɗa ta, duba hoton.” Alaa ya dube ni, na yi masa alama ya wuce gaba.

Mista Howard ya gaji, na zauna da shi a benci. Ya daɗe yana juya sandarsa.

“Kin san a gidan Morag muka yi makon farko bayan an yi wa Jean aiki? Ita ta riƙa hawa bene da miya. Ni ban taɓa ɗaukar wurin nan wata ƙasa ba. Sai na ga takarda a taga, na ji ashe shekara goma sha tara baƙo ne ni, mai biyan kuɗin ɗaki.”

Na ce ai ta ce ba shi take kora ba.

“Na sani,” in ji shi. “Amma in mutum zai tafi, wanda aka bari ba ya jin dalili. Tafiyar kawai yake ji.”

Na tashi na ce zan ƙirga mutane. Su tara ne, na san su tara ne.

Juma'a, 19 ga Satumba, 9:00 na safe, otal

“A'a” ta ci. Hamsin da biyar cikin ɗari. Muna ɗakin karin kumallo aka nuna a talabijin. Ba wanda ya yi tafi. Wani ɗan Skotland, da ashe shi ma “A'a” ya jefa bai gaya wa kowa ba, ya sunkuyar da kai yana ta shafa wa burodi man shanu.

Madam Morag ta zauna ta miƙe wuya, ba ta taɓa farantinta ba. Mista Howard ya tashi da sandarsa, ya haɗa shayi, madara kaɗan ba sukari, ya kai gabanta ya ajiye. Ba ta ɗago ba.

“Ba yau ba, Howard.”

Ya koma mazauninsa. Shayin ya huce a wurin.

Juma'a, 5:40 na yamma

Muna cikin jirgin ruwa a Nilu aka kira La'asar, sai a lokacin na tuna yau Juma'a. Ban je wajen Humaira ba. Karo na farko. Ban ma tuna ba sai da rana ta karkata.

Na shiga bayi na kulle. Madam Morag ce ta ƙwanƙwasa. Na gaya mata zancen 'yata, ban san dalili ba. Shekararta biyu da wata huɗu. Zazzaɓin kwana uku. Ta riƙe mini jaka na wanke fuska.

Asabar, 20 ga Satumba, 1:30 na rana

Na roƙi Alaa ya riƙe su, na tafi da sassafe. Na tarar ƙasar gindin sabbar a jiƙe.

Ammu Hamad ya taso da butarsa. “Ma'alish ya binti, yi haƙuri 'yata, Shehin ya riga ki. Jiya bayan Juma'a ya zo, ya ce aiki ya riƙe ki.”

Na ce wane Shehi?

“Mijinki mana. Na yi mamakin ganinsa ran Juma'a, shi da yake ɗan Talata ne. Duk Talata da safe yana nan, tun bara. Ya zauna can gefen, ya yi karatu, wani lokacin ya yi ta yi mata magana da yarenku. Ai na ɗauka kun raba kwanakin ne.”

Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin ba.

Lahadi, 21 ga Satumba, 7:00 na yamma

Na raka su filin jirgi. A layin awon kaya na ji Mista Howard yana tambayarta, ba tare da ya dube ta ba, ko ɗakin nan mai kallon ruwa yana nan a Yuli. Ta ce ta ba wasu Jamusawa. Akwai ƙarami a baya, mai kallon wurin ajiye motoci. Ya ce zai tambayi Jean. Ta ce takardar tana nan a taga, ba ta cire ba. Ya ce ya ji.

Iyakar abin da na ji ke nan. Ta ce mini ba ta san ko ƙungiyar za ta kai baɗi ba.

A gida na dafa tuwo, na farko cikin watan nan. Da Malam ya wanke hannu na ce, “Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?”

Ya gane. Ya ce, “In na gaya miki, za ki ce mu riƙa zuwa tare. Ni kuma ba na so ki ga yadda nake a wurin.”

Na ce ya yafe mini maganar ran nan. Ya ce ya yafe tun kafin ya kai masallaci. Sannan ya ce in zama nake so, ba zai tilasta ni ba, zai je ya fara aikin ya san abin da zai gaya wa su Mama. Ya ce shi ma bai san yadda zai hau jirgin nan ba, kawai dai ya san zai hau.

Wata goma sha huɗu ina zaton ni kaɗai ce zan bar ta.

Talata, 23 ga Satumba, 3:00 na yamma

Mun je tare. Ba zan rubuta ba.

Laraba, 24 ga Satumba, 4:00 na yamma, ofis

Na gaya wa Ustaz Munzir ya nemi wata. Ya ce, “Wata ta amsa wa wa? Babu mai rubutowa.” Sannan ya aika aka sayo kunafa, kayan zaƙin nan nasu, muka ci mu uku da Alaa a tsaye.

Akwati ɗaya ya cika. Bayana kamar zai ɓalle.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan La'asar

Widad ce ta kira jiya ta ce yau za ta raka ni. Na ce da nisa. Ta ce yalla, mu je kawai, ba nisa ta tambaye ni ba.

A hanya tana ta tambaya. A ina ake sauka daga motar farko, me ake ce wa direban ta biyu, wace ƙofa, layi na nawa. Na ɗauka surutunta ne kawai. Da muka isa ta gaisa da Ammu Hamad, ta karɓi lambarsa, ta tambaye shi sau nawa ake ba tsiron ruwa. Ta durƙusa ta tsince busassun ganye da hannunta.

Can ta ce, ba ta dube ni ba, “Kabarin innata yana Malakal. Shekara uku ke nan. An yi yaƙi a kan garin sau nawa tun daga nan, ban san ko alamar tana nan ba. Ba wanda zan aika. Duk Juma'a in na idar da salla sai in rasa inda zan sa ƙafata.” Ta share hannu a jikin mayafinta. “Ki bar mini wannan, Maman Humaira. Ba don ke ba. Ni ma ina son wurin zuwa.”

Na miƙa mata butar.

A dawowa ta ce in yi shiru, kada in nuna mata komai, ita za ta ja gaba. Ta tare mota, ta faɗi tashar, ta sauke mu, ta tsallaka da ni titi, ta tare ta biyu.

Ba ta ɓata ko sau ɗaya ba.